Waiwaye: Yadda Kowane Yankin Japan Ya Sami Ɗanɗanon Sakensa

A watan Disamba na 2024, a zaman da ya yi a birnin Asunsiyon na ƙasar Faragwai, kwamitin hukumar UNESCO ya shigar da fasahar gargajiya ta haɗa sake cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sake giya ce ta shinkafa, tana sa maye, ƙarfin barasarta yakan kai kashi 15 zuwa 16 cikin 100, saboda haka hukuncinta a wajen Musulmi a sarari yake. Abin da ke jan hankalin mai bibiyar tarihi a kanta shi ne, da wuya a sami wata sana'a da ta nuna ƙarara yadda rijiyar gari da gonarsa da hanyar kasuwarsa suke haɗuwa su ba kaya ɗanɗanon da ake gane garin da shi.

Kayan haɗinta huɗu ne: shinkafa da ruwa da yis da kuma wata fumfuna da ake kira koji. Mai burkutu yakan jiƙa dawa ta tsira kafin zaƙinta ya fito, amma shinkafar sake an riga an cashe ta, ba za ta tsira ba, don haka sai a turara ta, a barbaɗa mata koji a ɗaki mai ɗumi na kimanin kwana biyu, ita ce za ta mayar da garin shinkafar sukari, yis kuma ya mayar da sukarin barasa. Kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikin kwalba ruwa ne, kuma daga nan bambancin yankuna ya faro.

Tun a shekarar 927 kundin dokokin fada mai suna Engishiki ya bayyana yadda ake haɗa sake a fadar sarki, daga baya kuma gidajen ibadar addinin Buddha na Nara, musamman Shoryakuji, suka gyara sana'ar har ta kusanci yadda take a yau. A ƙarni na 16 mutanen Nara sun riga sun san ɗumama sake don kada ta lalace, kimanin shekara 300 kafin Louis Pasteur ya bayyana dalilin hakan a Faransa. Da mulki ya koma Edo, wato Tokiyo ta yanzu, a 1603, sai kasuwa ta bi mulki, garin Itami ya fara cin gajiya, sannan Nada da ke bakin teku tsakanin Kobe da Nishinomiya ta karɓe ragamar, domin daga ƙofar masana'anta ake loda ganguna a jirgin ruwa zuwa Edo, ƙoramun da ke gangarowa daga dutsen Rokko suna juya injinan casa, iskar hunturu mai sanyi da ke saukowa daga dutsen kuma tana huce shinkafar da aka turara.

Labarin ruwan Nada ya cancanci a tsaya a kansa. Yamamura Tazaemon, mai gidan Sakura Masamune, yana da masana'anta biyu, ɗaya a Uozaki ɗaya a Nishinomiya, kuma kullum sake ta Nishinomiya ce ta fi kyau. Ya musanya shugabannin aikin, abin bai canza ba. A 1840 sai ya sa aka ɗebo ruwan rijiyar Nishinomiya a ganguna aka kai Uozaki, nan take sake ta Uozaki ta kamo 'yar'uwarta. Wannan ruwa, da ake kira miyamizu, yana da wadatar ma'adinan da yis ke ci, ga shi kusan babu sinadarin ƙarfe a cikinsa, wanda shi ne ke ɓata wa sake launi da ƙamshi. Yis da ya ƙoshi yakan yi aiki da sauri ya cinye sukari, shi ya sa sake ta Nada take fitowa da kauri da kaifi, ba zaƙi sosai, har Japanawa suke ce mata sake ta maza. Gidajen sake irin su Kiku-Masamune da aka kafa a 1659 da Hakushika na 1662 da Ozeki na 1711 da Hakutsuru na 1743 duk a nan suke, kuma duk da girgizar ƙasar 17 ga Janairun 1995 da ta rushe tsofaffin gine-ginensu na katako da yawa, Nada ce ke fitar da kimanin rubu'in sake ta Japan baki ɗaya.

Fushimi da ke kudancin Kiyoto ita ce kishiyarta. Ruwanta bai kai na Nada ma'adinai ba, tsimi yakan tafi a hankali, sake ta fito da laushi da ɗan zaƙi-zaƙi wanda ya dace da girkin Kiyoto mara yawan gishiri, sai aka yi mata laƙabi da sake ta mata. Gidan Gekkeikan ya fara a nan tun 1637, amma jirgin ƙasan da ya haɗa yankin da Tokiyo a 1889 shi ya buɗe wa Fushimi kasuwar da teku ta daɗe da ba Nada.

A ganina babu wanda ya sauya wannan tarihi kamar Miura Senzaburo na Akitsu a lardin Hiroshima. Ruwan yankinsa ba shi da ma'adinai, sake tana ta lalacewa a hannunsa, kwaikwayon Nada da ya yi ma bai fisshe shi ba. Maimakon ya nemi wani ruwan, sai ya gyara aikin ya dace da ruwan da Allah ya hore masa: ya bar koji ta ratsa ƙwayar shinkafa sosai, ya tsawaita tsimi cikin sanyi, ya kuma rubuta hanyar a 1898 ya yaɗa ta ga maƙwabta ba tare da rowa ba. A gasar ƙasa ta farko a 1907 sake ta Hiroshima ce ta zo ta ɗaya da ta biyu. Kamfanin Satake na yankin kuma ya ƙera injinan casa masu iya sassaƙe ƙwayar shinkafa har ciki, wanda daga baya ya haifar da rukunin ginjo, inda ake barin kashi 60 cikin 100 na ƙwayar ko ƙasa da haka, da daiginjo mai kashi 50. Garin Saijo da gidan Kamotsuru sun yi suna da sake mai garɗi da laushi ta wannan hanya.

Sai dai ilimin da ya ceci ƙananan yankuna shi ne kuma ya fara shafe bambancinsu. Gwamnati, wadda harajin giya ke cikin manyan hanyoyin kuɗin shigarta, ta kafa cibiyar binciken sana'ar a 1904, aka shiga raba zaɓaɓɓen yis ga kowa: lamba 6 daga gidan Aramasa na Akita, lamba 7 daga gidan Masumi na Nagano a 1946, lamba 9 daga Kumamoto. Irin shinkafar Yamada Nishiki, wadda aka raɗa wa suna a Hyogo a 1936, ta zama abin da kowane mai neman lambar zinare yake saye ko daga ina yake. Ƙarancin shinkafa na lokacin yaƙi da bayansa ya ƙara dagula lamarin, domin an halatta ninka sake sau uku da tatacciyar barasa da sukari, abin da bai fita daga ma'anar sake a doka ba sai a 2006. Ciniki ya kai ƙololuwa a 1973, daga nan ya yi ta zamewa, har ta kai a yau bai kai sulusin wancan ba.

Martanin farko daga Niigata ya zo, lardin dusar ƙanƙara wanda ya fi kowane yawan masana'antu, kusan 90. Manomansa sun saba fita cirani da hunturu suna haɗa sake a wasu garuruwa, kamar yadda manoman Tanba suke yi wa Nada, saboda haka hannu ba ya ƙaranci. Da shinkafarsu Gohyakumangoku da ruwan narkakkiyar ƙanƙara suka fitar da sake mai sauƙi, wasai, wadda ba ta barin zaƙi a baki, daidai lokacin da jama'a suka gaji da mai danƙon sukari. Sake irin su Koshi no Kanbai da Hakkaisan da Kubota, wadda ta fito a 1985, sun zama abin nema a Tokiyo. Sannan a 1994 Juyondai ta Yamagata ta juya akalar zuwa ƙamshin 'ya'yan itace da zaƙi mai cika baki, Dassai ta Yamaguchi kuma, wadda ke sassaƙe shinkafa har saura kashi 23, ta ɗauki salon zuwa ƙetare har ta buɗe masana'anta a jihar Niyok ta Amurka a 2023. A Kochi dai ba a bar mai kaifi ba, domin ita ke tafiya da babbakakken kifin da suke ci.

Abin damuwa shi ne, yawancin waɗannan sababbin sunaye salon gida ɗaya suke wakilta fiye da salon lardi, tun da ana iya tace ruwa a sayo shinkafa da yis daga ko'ina. Hukumar haraji ta yi ƙoƙarin kare sunayen wurare da rajistar asali: Hakusan a 2005, Yamagata a 2016, Nada a 2018. Wasu gidajen kuwa ba su jira doka ba. Aramasa, wanda aka raba yis ɗinsa ga Japan duka tun shekarun 1930, a yau lamba 6 kaɗai yake amfani da ita, shinkafar Akita kawai yake saye, ya daina ƙara tatacciyar barasa, ya kuma koma tsima sakensa a cikin manyan gangunan katako.