Waiwaye: Ray Charles da batun mallakar uwar faifai

Cece-kucen da ake yi kan ɗan abin da mawaƙa ke samu daga manhajojin sauraron waƙa ya sa wasu na zaton wayar hannu ce ta kawo matsalar. Ta girmi wayar nesa ba kusa ba. Tun zamanin garmaho ake tambayar wa ya mallaki uwar faifai, wato masta, ɗaukar asali da ake buga kwafi daga gare ta.

Labarin Ray Charles, mawaƙin Amurka, sananne ne. An haife shi a Albany ta jihar Jojiya a 1930, ya makance yana ɗan shekara bakwai, ya koyi kiɗa a makarantar makafi da kurame ta garin St. Augustine a jihar Florida, ya kuma yi tashe a shekarun 1950 da ya gauraya salon waƙar coci da kiɗan R&B na baƙaƙen fatar Amurka.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne kwantiragin da ya sa wa hannu da kamfanin faifai na ABC-Paramount a ƙarshen 1959. Sai an san yadda aka saba yi kafin a ga girmansa. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na baiti da kari, da na ɗaukar murya. A al'adar lokacin, kuɗin situdiyo da na makaɗa bashi ne a wuyan mawaƙi, ana zare shi daga kasonsa, wanda da wuya ya haura kashi 5 cikin 100. Kason ma sau da yawa a kan kashi 90 na cinikin ake lissafa shi, don cike gurbin fayafayan da ke fashewa a hanya. Abin da ya fi ciwo shi ne ko mawaƙi ya gama biyan bashin kaf, masta ba ta zama tasa.

Charles ya juya lissafin. An amince a riƙa ba shi dala 50,000 duk shekara a matsayin kafin alƙalami, shi ke shirya ɗaukarsa da kansa, sannan masta ta dawo hannunsa bayan wani wa'adi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne gishirin zancen, domin mai masta ne ke ba da izinin sake bugawa ko sa waƙa a fim da talla, shi ne kuma ke karɓar kuɗin. A 1962 ya kafa kamfaninsa, Tangerine, daga baya ya gina situdiyonsa a Los Angeles.

Kaɗan ne cikin tsaransa suka sami irin wannan dama, doka kuma ta daɗe ba ta kamo su ba. Dokar tarayyar Amurka ba ta fara kare ɗaukar murya ba sai 1972. Damar da doka ta ba mawaƙi ta karɓe haƙƙinsa bayan shekara 35 ta shafi yarjejeniyoyin da aka ƙulla daga 1978 ne, fayafayan da suka riga 1972 kuwa sai a 2018 aka shigar da su tsarin biyan kuɗin intanet a dokance. Har yau gidajen rediyon AM da FM na Amurka marubucin waƙa suke biya, ba sa biyan wanda ya rera ta.