Siket ɗin rawar bale: gardamar ba yau ta fara ba

Shekarun nan masu bale, wato rawar dandamali ta Turawa da mata ke yi a kan yatsun ƙafa, a Turai da Amurka na ta kai ruwa rana kan kayan da ake sa musu. Baƙaƙen 'yan rawa sun ce dogon safa da takalmin nan ruwan hoda don farar fata aka yi su, shi ya sa suke ɓata lokaci suna shafa wa takalmansu hodar kwalliya kafin su hau dandamali. Wasu kuma kukansu a kan siket ɗin ne, mai tsayuwa kamar faifai, wanda ba ya rufa wa jiki asiri ko kaɗan, har 'yan mata ke horar da kansu da yunwa domin ya zauna musu. Masu riƙon gargajiya sun ce in aka taɓa kayan an taɓa rawar. Wanda ya tsinci zancen a tsakiya zai ɗauka jiya aka soma.

Sunan siket ɗin tutu. Kunnen Bahaushe zai ji shi banbaraƙwai, amma haka Faransawa suka raɗa masa, haka duniya ke kiransa.

Farkon labarin sananne ne. A 1832 'yar rawa Marie Taglioni ta fito a birnin Paris cikin wasan La Sylphide, sanye da farin siket shara-shara da ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu, domin a ga yadda take tsayawa kan yatsun ƙafa. Ta fito ne a matsayin aljana, kuma 'yan kallo suka ga kamar ba ta taka ƙasa. Daga nan kowace 'yar rawa sai farin siket mai tashi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wutar da ke haska wannan kyau. A lokacin da fitilun gas ake haska dandamali, harshen wuta ne tsirara a jere a gaban ƙafafun masu rawa da kuma gefe-gefe. Yadin kuwa sakar raga ce mai shan iska, ko tartsatsi ya isa. A 1844 siket ɗin Clara Webster ya kama da wuta a Landan tana tsakiyar wasa, bayan 'yan kwanaki ta rasu.

A 1859 aka kafa doka a Faransa cewa a riƙa tsoma kayan wasa cikin wani sinadari mai hana kamawar wuta. Maganin yana aiki, sai dai yakan sa yadin ya sandare, farinsa ya dushe. 'Yan rawa da dama suka ƙi shi. Cikinsu har da Emma Livry, yarinyar da Taglioni da kanta ta ɗauka ta shirya mata wasan Le Papillon a 1860, inda ta fito a matsayin malam-buɗe-littafi da ke kusantar wuta har fikafikansa su ƙone. Emma ta sa hannu a takarda cewa ta ji ta gani, duk abin da ya same ta ita ta ɗauka.

Ranar 15 ga Nuwamba 1862, ana gwajin wasa, ta karkaɗe siket ɗinta domin ya buɗe kafin ta shiga. Iskar ta jawo harshen fitilar da ke kusa. Nan take wuta ta lulluɓe ta, ta yi ta gudu a kan dandamali kafin a cim mata a naɗe ta da bargo. Wata takwas ta yi tana jinya. Ta rasu ranar 26 ga Yuli 1863, tana da shekara 20.

Ni a nan nake tsayawa duk lokacin da na ji gardamar yau. Ba wauta ce ta sa Emma ƙin maganin ba. Ta san abin da mutane suka biya kuɗi su gani: mace marar nauyi, fara sol, kamar hayaƙi. Wadda siket ɗinta ya sandare ta rasa tafi, wadda ta rasa tafi ta rasa abinci. Idon mai kallo ne ya yanka rigar, jikin mai rawa ya biya kuɗin ɗinki.

Wutar lantarki ce ta rage gobarar, bayan gidan wasan Savoy na Landan ya koma kanta gaba ɗaya a 1881 sauran suka biyo baya. Siket ɗin kuma ya ci gaba da gajarcewa. 'Yan rawan Italiya da suka je Rasha sun zo da juyi mai wuya, irin juyi 32 da Pierina Legnani ta yi a wasan Swan Lake a 1895, dole a ɗage yadi a ga ƙafa. Haka aka kai ga mai kama da faifai: raga ninki goma ko fiye, wani da zoben waya a ciki, ɗinkin hannu na makonni. A 1950 mai ɗinkin kayan wasa Barbara Karinska ta ɗinka wani mai taushi marar waya a New York. Kyansa ba abin musu ba ne. In fitila ta doke shi mai rawa na juyi, sai ka ga kamar fure ne ke buɗewa.

Maganar launi ma ta daɗe. Tun shekarun 1970 ƙungiyar rawa ta Dance Theatre of Harlem da ke New York ta koma sa safa da takalmi daidai da fatar kowace 'yar rawa, a 2018 kuma ƙungiyar Ballet Black ta Landan ta haɗa hannu da masu yin takalma aka fito da masu launin ƙasa-ƙasa. Ragowar kayan da Emma ta ƙone a ciki kuwa na nan ajiye a gidan tarihin gidan wasan Opera na Paris, 'yan tsummoki ne da suka yi baƙi a cikin ƙaramin akwati.