Na'urorin Ƙasan Teku Masu Auna Girgizar Ƙasa

Na'urorin ƙasan teku kayan awo ne da ake girkawa a ƙarƙashin ruwa, wasu a zurfin kilomita da dama, domin su ji motsin ƙasa a daidai inda yake tasowa. Ɓawon duniya a rarrabe yake zuwa manya-manyan fayafan dutse, kuma an fi kai na'urorin wuraren da wani faifai ke kutsawa ƙarƙashin wani. A irin wuraren nan fayafan biyu kan liƙe da juna shekaru aru-aru ƙarfi yana ta taruwa, ranar da suka suɓuce sai ƙasan teku ta yunƙuro ta tura ruwan da ke bisanta. Haka tsunami ke samuwa, irin wadda ta afku a tekun Indiya ranar 26 ga Disamba 2004 ta hallaka mutum sama da 200,000.

Ga mazaunin Sakkwato zancen teku kan yi nisa, alhali farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a ƙarƙashin teku ta taru, shekaru miliyoyi da suka wuce.

Japan ce ta fi kowa nisa a wannan fanni, kuma da wuya ta koya. Ranar 11 ga Maris 2011 girgiza mai maki 9.0 ta tashi a cikin teku, gabas da yankin Tohoku na ƙasar. Hukumar yanayin ƙasar, da yake galibin na'urorinta a tudu suke, ta fara ƙiyasta ta a maki 7.9, ta yi gargaɗin igiya mai tsayin mita 6 a lardin Miyagi, mita 3 a lardunan Iwate da Fukushima. Ruwan da ya zo ya wuce haka nesa ba kusa ba, mutum fiye da 18,000 suka mutu ko suka ɓace. Bayan haka aka shimfiɗa tsarin S-net: tashoshi 150 a jikin igiyar waya mai tsawon kilomita kusan 5,500, wato tafiyar Sakkwato zuwa Kano sau goma. Yana iya jin girgiza har daƙiƙa 30 kafin na'urorin tudu, tsunami kuma har minti 20. Kada a raina daƙiƙa 30. Ta isa a rage gudun jirgin ƙasa, ɗan makaranta ya shige ƙarƙashin tebur.

Kowace tasha tana ɗauke da ma'aunin girgiza da ma'aunin nauyin ruwa. Na biyun shi ne abin burgewa: idan tsunami ta gifta, ruwan da ke danne shi yana ƙaruwa ko da da 'yan santimita ne, nan take ya aika labari. Da irinsa ne masana suka gano ƙasan teku ta ɗago a hankali a 2014 a yankin Hikurangi na New Zealand, zamewar da ke ɗaukar makonni ba wanda ya ji ta. Da yake siginar GPS ba ta ratsa ruwa, da sauti ake auna yadda ƙasan teku ke gusawa, daga jirgi zuwa na'urar da ke ƙasa.

A yammacin Amurka da Kanada akwai yankin Kaskadiya, wanda rabonsa da babbar girgiza tun 26 ga Janairu 1700; an san ranar ce saboda Japanawa sun rubuta isowar igiyarta. Can Kanada ta kunna tsarin NEPTUNE mai igiya kilomita 800 a 2009. Inda ba igiya, na'ura mai batir ake saukarwa, ta yi wata da watanni tana tara bayanai kafin jirgi ya koma ya ɗauko ta. Wannan tana amfanar bincike, amma ba ta iya gargaɗin kowa.