Daidaitaccen Abincin Gida

Daidaitaccen abincin gida tsari ne na ci da sha wanda mutum ke samun abin da jikinsa ke buƙata daga girkin yau da kullum, ba tare da ya haramta wa kansa wani nau'in abinci ko ya riƙa kwana da yunwa don rage ƙiba ba. Ya ƙunshi haɗa hatsi da kayan gina jiki da ganye a ci ɗaya, da sanin gwargwadon kowanne, da ci idan yunwa ta zo a kuma cire hannu idan an ƙoshi. Masana abinci sukan raba shi da tsare-tsaren rage ƙiba na ɗan lokaci, irin waɗanda ake shiga na mako biyu ko wata guda a fita. A ƙasar Hausa kusan duk kayan da tsarin ke nema suna cikin tukunyar gargajiya tun da can. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen rabo, tuwo ya yi yawa miya ta yi kaɗan, sai kuma mai da gishiri da sukari da suka ƙaru a girkin birane.

Tarihi

Gero da dawa su ne tushen cimar yankin Sahel. Binciken kayan tarihi ya nuna ana noman gero a arewacin Mali ta yau tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce, dawa kuwa ana jin an fara nomanta a gabashin Sudan tun kafin haka. Wake ma ɗan Afirka ne, kuma har yanzu Najeriya da Nijar ne kan gaba wajen nomansa a duniya. Manomi kan shuka shi a tsakanin kunyoyin gero, shi ya sa su biyun suka daɗe suna haɗuwa a rumbu da kuma a tukunya. Kuka da kuɓewa da yakuwa da karkashi da daddawar kalwa su ma tsofaffin kayan miya ne. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono kuwa baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka zo bayan ƙarni na 15, kuma ba lokaci guda suka karɓu ba. Noman gyaɗa ya bunƙasa ne sosai bayan jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911 zuwa 1912, daga nan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka wadata a kasuwanni.

Dunƙulen miya, wanda kamfanin Maggi ya fara yi a Turai a 1908, ya shiga girkin Afirka ta Yamma a rabi na biyu na ƙarni na 20, ya kuma rage wa daddawa daraja a gidaje da yawa. Taliyar leda mai saurin dahuwa ta shigo Najeriya wajen ƙarshen shekarun 1980.

Batun tsakaitawa wajen ci ya riga ilimin sinadaran abinci isowa. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta yi umarni da a ci a sha kada a yi ɓarna, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib ya kasa ciki uku: sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Malamai da likitoci a Arewa sukan kafa hujja da shi idan ana zancen cin abinci fiye da kima.

A Turai, tsarin rage ƙiba ta hanyar yanke wasu abinci ya shahara ne bayan William Banting, wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, ya buga ƙasida a 1863 yana bayanin yadda ya rame da ya bar burodi da sukari da dankalin Turawa da giya. Tun daga nan tsare-tsare irin nasa ba su daina fitowa ba, wani ya hana mai, wani ya hana sitaci. Abin da takura ciki ke yi wa mutum ya fito fili a gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota ta Amurka tsakanin 1944 da 1945. An rage wa matasa 36 abincinsu da kusan rabi har tsawon wata shida, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Tunaninsu ya koma kan abinci dare da rana, suka zama masu saurin fushi da kasala, kuma da aka sake musu mara da yawansu sun riƙa ci har ya wuce misali. Masu sukar tsarin hana kai abinci sukan koma ga wannan gwaji, tare da bincike da dama na baya-bayan nan da suka nuna cewa mafi yawan waɗanda suka rame ta wannan hanya sukan mayar da kaso mai yawa na nauyin cikin 'yan shekaru.

Hukumomi kuma sun yi ta neman hoton da zai sauƙaƙa wa jama'a fahimta. An fara zanen dalar abinci, wato hoto mai faɗi a ƙasa da tsini a sama da ke nuna abin da za a fi ci da wanda za a taƙaita, a Suwidin a 1974, Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fitar da tata a 1992, sannan a 2011 ta koma ga hoton faranti da aka kasa. A 1995 wasu masanan abinci biyu 'yan Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, suka tsara hanyar ci bisa sauraron yunwa da ƙoshi. Ƙasar Burazil ta bi wata hanya dabam a jagorar da ta fitar a 2014, inda ta fi ba da ƙarfi ga yin girki a gida da ci tare da iyali da rage kayan masana'anta.

Rabon kwano

Ma'aunin da aka fi koyarwa shi ne a kasa faranti huɗu: kashi biyu ganye da kayan lambu, kashi ɗaya hatsi ko doya ko dankali, kashi ɗaya kayan gina jiki. An tsara shi ne don masu cin abinci a bushe, kowa da farantinsa, don haka sai an ɗan juya shi kafin ya dace da tuwo da miya. A nan ganyen yana cikin miya ne, saboda haka miyar ce za ta yi kauri ta kuma yi yawa, ludayi biyu ko uku a kan malmala ɗaya. Ga babban mutum mai aikin zaune, malmala kwatankwacin dunƙulen hannunsa ko ta ɗan ɗara ta isa a ci ɗaya. Manomi a lokacin damina, da ɗan dako, da mai shayarwa suna buƙatar fiye da haka, kuma rage musu tuwo kuskure ne. Idan a tire ɗaya ake ci, uwargida ce ke daidaita rabon tun daga wajen kwashewa.

Furotin, wato sinadarin gina jiki, da babba ke buƙata ya kai kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato wajen giram 50 ga mai kilo 60. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofi ɗaya na dafaffen wake kuma wajen giram 13. Ba lallai sai da nama ba. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki mai suna laisin, wake kuma yana da shi da yawa, don haka a abinci irin garau-garau, ko koko da ƙosai, hatsi da wake suna cike gurbin juna. Awon shinkafa biyu da na wake ɗaya rabo ne mai kyau, kuma ana iya kai shi ɗaya da ɗaya. Awara, gyaɗa, riɗi, agushi, gurjiya, busasshen kifi da nono duk suna cikin wannan rukuni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, ban da dankali da rogo da doya. Kwaɗon zogale ko na rama da rana, miyar taushe da dare, da mangwaro ɗaya ko yankan gwanda suna kusantar da mutum ga wannan adadi. Da rani, busasshen ganye da kabewa da karas da kabeji ne ke rufa asiri.

Girki da inda amfani ke zubewa

Kayan cefane na iya cika amma amfaninsu ya salwanta tsakanin turmi da murhu. Surfe yana cire dusa da ƙwayar tsiron hatsi, kuma a nan ne faiba, mai sauƙaƙa aikin hanji, da bitamin B da wani kaso na sinadarin ƙarfe suke. Surfe sama-sama ya fi wanda ake yi har hatsi ya yi fari fat. Shinkafar gida da ake turarawa kafin a cashe ta tana riƙe bitamin B fiye da wadda aka goge ba turare. Jiƙa gero ya kwana ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage sinadarin fayitet da ke hana hanji tsotse ƙarfe, kuma wannan na daga cikin dabarun gargajiya da bincike ya gaskata.

Ganye a wanke shi kafin a yanka, domin idan aka yanka sannan aka jiƙa, bitamin C yana bin ruwa. Alayyahu minti uku zuwa biyar ya ishe shi, a ƙarshen girki. Zogale da rama sun fi shi tauri, amma su ma ba sa buƙatar a tafasa su a kogin ruwa a tsiyaye. Ganyen da za a adana a shanya shi a inuwa, don rana tana cinye sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wannan sinadari da maiko yake shiga jiki, shi ya sa ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa a kwaɗo ke da amfani fiye da ɗanɗano.

Kanwa tana sa wake ya yi saurin nuna, ta kuma riƙe yauƙin kuɓewa da karkashi, amma tana lalata bitamin B1 da C. Idan aka jiƙa wake na awa takwas ko ya kwana, aka zubar da ruwan, zai dahu da wuri ko da kanwa kaɗan ce ko babu, kuma kumburin ciki yana raguwa. Manja ɗanye yana da arzikin sinadarin bitamin A, amma idan aka soya shi har ya yi hayaƙi launinsa ya washe, to wannan arzikin ya tafi. Shayi a kan abinci yana rage tsotsar ƙarfen da ke cikin wake da ganye, lemun tsami da tumatir ɗanye kuwa suna ƙara ta. Mai ƙarancin jini zai fi amfana idan ya bar tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi.

Gyaɗa da masara da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin mai illa ga hanta, kuma dafawa ba ta kashe ta. Tsincewa da zubar da waɗanda suka yanƙwane ko suka canza launi ita ce kariya.

Mai, gishiri da sukari

Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci ko furotin kuma 4; kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, saboda haka miyar da mai ke kwance a samanta tana iya ninka kalorin abinci ba tare da ta ƙara ƙoshi ba. Aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga galan ita ce gyaran da ya fi sauƙi.

Gishiri bai kamata ya kai giram 5 a rana ga babba ba, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a burodi da kilishi da yaji da ƙunshin taliyar leda. Dunƙule kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, don haka zuba shi huɗu ko biyar sannan a ƙara gishiri yana kai tukunya ga wuce iyaka. Daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da garin busasshen kifi suna ba da damar ragewa, kuma harshe kan saba cikin 'yan makonni idan a hankali aka rage. Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993 don yaƙi da maƙoƙo.

Sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, kimanin ƙananan cokula 12 ga babba. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da wajen cokali takwas. Zoɓo da kunun aya da fura na gida ma sukan kai haka idan hannu ya yi nauyi.

Yunwa da ƙoshi

Tsarin bai hana waina ko soyayyen nama ko cincin ranar Sallah ba, yawan maimaita su ne yake dubawa. Wanda ya wuni bai ci komai ba yakan rama da dare, shi ya sa ake son lokutan ci su zama sanannu. Saƙon ƙoshi ba ya isa ƙwaƙwalwa nan take, ana yawan cewa yakan ɗauki kamar minti 20, don haka ana so a tauna a natse, a ajiye waya, a ɗan dakata kafin a nemi ƙari. A wani gwaji da Kevin Hall ya jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 2019, mutum 20 da aka bari su ci iya son ransu sun ci ƙarin kalori kusan 500 a rana a makonnin da aka ba su abincin masana'anta, idan aka kwatanta da makonnin abincin da ba a sarrafa ba.

Ajiya da ɗumame

Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba firji, musamman shinkafa. Ɗumame ya yi zafi har tsakiya, miya kuma ta tafasa.

Saɓanin masana

Ba a daidaita ba kan yawan manjan da ya dace, da wajabcin karin kumallo, da ko ci biyu ya fi ci uku. Ana kuma jayayya kan ko cin abinci bisa sauraron jiki yana rage nauyi. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce yana rage damuwa da cin ramuwa. Wasu na ganin shawarar giram 400 ta fi ƙarfin aljihun gidaje da yawa.

Masu buƙata ta musamman

Jariri nonon uwa zalla yake sha har wata shida. Bayan nan koko tsararo ba ya isarsa, sai an kaurara shi da garin gyaɗa ko waken suya ko ƙwai, kuma a zuba masa a kwanonsa dabam don a ga abin da ya ci. Masu ciwon suga, hawan jini ko ciwon ƙoda, da masu juna biyu, suna bin rabon da likita ko masanin abinci ya tsara musu, domin mai ciwon ƙoda, alal misali, ana iya taƙaita masa wake da ayaba da wasu ganyaye.