Tun Yaushe Ɗalibai Suka Fara Hamma a Ajin Tarihi?

Duk wanda ya taɓa zama a ajin tarihi ya san wannan lokacin. Malam na tsaka da bayani sai hannu ɗaya ya tashi daga can baya, har ya fara murna ya samu mai saurare, sai yaro ya ce: "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" In an ce zai fito, kowa ya rarumi biro. In an ce a'a, kawuna su koma kan tebur. Yaron nan kuwa, da an tashi, shi ne zai share awa guda yana musu da abokinsa kan ƙungiyar da ta ɗauki wane kofi a wace shekara, kuma ba ya tuntuɓe ko sau ɗaya. Ashe ba riƙe shekaru ne ya gagare shi ba.

Manya sukan jingina laifin ga yaran zamani da wayoyinsu, amma ƙorafin ya girmi waya nesa ba kusa ba. A 1917 wasu masana biyu, Bell da McCollum, sun yi wa ɗalibai a jihar Texas ta Amurka gwajin tarihin ƙasarsu, 'yan sakandare suka tashi da kusan kashi ɗaya cikin uku na makin. A 1943 jaridar New York Times ta gwada sabbin ɗaliban jami'a kimanin 7,000, ta fito da sakamakon tana salati. A 2022 gwajin ƙasa na tarihin Amurka ya nuna kashi 13 cikin ɗari ne kacal na 'yan aji takwas suka kai matakin ƙwarewa. Wato kakan da ke faɗa yau, shi ma an yi wa sa'o'insa irin wannan faɗan.

Abin mamaki, tarihi bai faro a matsayin hadda ba. Kalmar da Herodotus, marubucin tarihi ɗan Girka, ya yi amfani da ita a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ma'anarta bincike. Ibn Khaldun kuma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya buɗe ne da yi wa marubutan tarihi tatas saboda suna kwasar labari ba sa auna shi. Ya ɗauko maganar masanin tarihi Mas'udi cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa (AS) sun kai 600,000, ya ce a tsaya a yi lissafi: daular Farisa, da duk faɗinta, mutum 120,000 ta tara a yaƙin Ƙadisiyya, to ta yaya zuriyar mutum ɗaya za ta yi wannan yawan cikin 'yan tsatso kaɗan, kuma wane fili ne zai ɗauke su a jere? Wannan shi ne aikin ɗan tarihi: a ba shi labari, ya juya shi ciki da bai, ya ce bai yarda ba sai da hujja. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda musu ne sana'arsa, da irin wannan aka miƙa masa da wuya ya yi gyangyaɗi.

Sai dai ba wannan ne ya shiga aji ba. Tarihi ya zama darasin kowa da kowa ne a ƙarni na 19, lokacin da gwamnatocin Turai suka fara kai 'ya'yan talakawa makaranta, kuma suna da abin da suke so daga gare shi. Faransa ta sha kashi a hannun Jamusawa a 1870 zuwa 1871, ta rasa yankunan Alsace da Lorraine. Shekara goma bayan haka dokokin ministan ilimi Jules Ferry na 1881 da 1882 suka mayar da firamare kyauta kuma dole, ɗan littafin tarihi na Ernest Lavisse ya shiga hannun miliyoyin yara yana gaya musu su so Faransa domin tarihinta ya ɗaukaka ta. A 1882 ɗin dai, masanin Faransa Ernest Renan ya tsaya a jami'ar Sorbonne da ke Paris ya faɗi abin da kowa ke ɓoyewa: mantuwa, har ma da kuskure a tarihi, suna daga cikin tubalan gina ƙasa. Darasin da aka gina don a yarda ba ya son tambaya. Aka tsame jayayyar, aka bar amsa: sarki wane ya hau a shekara kaza, ya ci yaƙi kaza, ya rasu. Kamar a ba mutum littafin lissafi ne da aka yage duk tambayoyin, aka bar shafin amsoshi na ƙarshe, aka ce ya haddace.

A ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka abin ya fi muni, don ko amsoshin ma na wasu ne. Yaro a Afirka ko Indiya ya san jerin sarakunan Ingila da sunayen Turawan da aka ce sun "gano" kogin da kakanninsa ke kamun kifi a ciki tun fil azal. Har a 1963 farfesan tarihi na Oxford, Hugh Trevor-Roper, yana cewa babu tarihin Afirka sai na Turawa a Afirka, saura duhu ne. Su Kenneth Dike a Ibadan, da babban aikin tarihin Afirka da UNESCO ta ƙaddamar a 1964, sun rusa wannan magana. Amma a ganina manhajojin bayan 'yancin kai sunaye kawai suka sauya. An cire gwamnan Turawa an sa ɗan kishin ƙasa, allo dai na nan cike da rubutun da za a kwafa.

Akwai kuma dalilin da ya sa littafin makaranta ke fitowa lami. Babu darasin da 'yan siyasa ke sa wa ido kamar wannan. Ba wanda ke zanga-zanga kan jadawalin sau. A Japan, Ienaga Saburo ya yi shekara 32 yana shari'a da gwamnati, daga 1965 zuwa 1997, kan abubuwan da aka ce ya goge daga littafinsa game da ta'asar sojojin ƙasar a yaƙi. A Amurka, majalisar dattawa ta yi tir da sabon tsarin koyar da tarihi a Janairun 1995 da ƙuri'a 99 da 1. Mawallafin da ke son a sayi littafinsa ya ga wannan, sai ya riƙa kauce wa duk inda ke da zafi, ya rubuta "rikici ya ɓarke" ba tare da ya ce wa ya yi wa wa me ba. Inda ke da zafin nan kuwa, nan ne yaro zai ɗago kai.

Malamai sun farga tun da daɗewa. A 1968 Mary Price ta yi gargaɗi a Ingila cewa tarihi na cikin hatsari a makarantu, a shekarar da wani bincike ya nuna masu barin makaranta na lissafa shi cikin darussan da suka fi gundura da rashin amfani. Maganin da aka nema ya rabu gida biyu. Wasu suka narkar da shi cikin darasin nazarin zamantakewa, dabarar da Amurka ta fara tun 1916, ƙasashen Afirka da dama suka rungume ta bayan taron masana ilimi da aka yi a Mombasa ta Kenya a 1968. Najeriya ta bi wannan hanya har ta cire tarihi daga manhajar matakin farko a wajajen 2009, bisa hujjar cewa ɗalibai na gudunsa, malamansa sun yi ƙaranci, masu digirinsa ba sa samun aiki. Sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi. Wasu kuma, kamar shirin koyar da tarihi da aka kafa a Leeds ta Ingila a 1972, suka ce a miƙa wa yaro takardun asali ya yi aikin da kansa.

Cewa mutane na son abin da ya wuce, wannan ba a musu. A 1994 Roy Rosenzweig da David Thelen sun sa an tambayi Amurkawa kimanin 1,500 inda suka fi jin kusanci da jiya. Taron dangi ne ya zo na ɗaya, ajin makaranta ya zo ƙarshe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin Sam Wineburg na 1991. Ya ɗauki masana tarihi takwas da haziƙan 'yan sakandare takwas, ya ba su takardu iri ɗaya kan arangamar Lexington ta 19 ga Afrilu, 1775, wadda ta buɗe yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila, inda har yau ana jayayya kan wanda ya fara harbi. A ciki akwai rantsuwar mayaƙan gari, da littafin ajiyar sirri na wani hafsan Ingila, da wani yanki na littafin makaranta. Masanan, kafin su karanta layin farko, sai idonsu ya sauka ƙasan takarda: wa ya rubuta, yaushe, me yake nema? Ɗaliban kuwa daga sama suke farawa su gangara, wasu ko sunan marubucin ba su kula ba. Da aka ce a jera takardun bisa aminci, masanan suka jefa littafin makaranta can ƙasa, ɗaliban suka fifita shi, domin a wurinsu shi ne mai faɗin gaskiya tsagwaronta. Wasu daga cikin yaran sun fi wasu masanan sanin sunaye da shekarun wannan yaƙi. Abin da ba a taɓa nuna musu ba shi ne cewa takarda ma mutum ne ya rubuta ta.

Ba wai hanyar takardun asali ba ta da nata cikas ba ne. Wanda bai san komai game da zamani ba, ko an ba shi takarda goma ba abin da zai tsinta, don haka haddar ma tana da gurbinta. Ga kuma lokaci. Safiya ɗaya ta Lexington na iya cinye mako guda, alhali manhaja ta jero ƙarni uku a zango ɗaya, aji na da yara sittin, mai duba takardun jarrabawa kuma ya fi samun sauƙin maka maki a kan shekara fiye da a kan hujja. Malamin da ya san duk wannan, ya duba kalanda ya ga saura mako biyar, sai ya ɗauki alli ya juya wa ajin baya ya ce a fito da littafin rubutu.