Kwaikwayon rayuwar mutane a kwamfuta

Kwaikwayon rayuwar mutane a kwamfuta hanya ce ta hasashen yadda tsufan al'umma zai shafi baitulmali, musamman ta fuskar fansho, haraji da kula da lafiya. Maimakon a yi lissafi kan jimillar jama'a, sai a ɗauko mutane ɗai-ɗai daga ƙidaya ko rajistar gwamnati, dubbai ko miliyoyi, a bi kowannensu shekara bayan shekara har mutuwa. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka Guy Orcutt ne ya gabatar da dabarar a 1957, tun kwamfuta ba ta iya ɗaukar nauyin aikin ba. A shekarun 1970 aka gina manhajar DYNASIM a cibiyar Urban Institute da ke Washington bisa tsarinsa.

A ce ga mace mai shekara 58, tana aiki, mijinta ya yi ritaya. Kowace shekara kwamfuta za ta jefa mata ƙuri'a: ta zaɓi wata lamba tsakanin 0 da 1 haka kawai, ta gwada da yiwuwar mutuwar mata masu shekarunta. In lambar ta kasa wannan yiwuwar, matar ta rasu ke nan, mijin ya koma gwauro, kuɗin gidansa ya sauya. In ta tsira, sai a sake jefa ƙuri'ar rashin lafiya, ta barin aiki, ta mutuwar aure. Daga nan a ɗora dokokin fansho da haraji kan tarihin da ya fito.

Amfanin wannan wahala shi ne matsakaicin adadi yana ɓoye abubuwa da yawa. Wadda ta bar aiki shekara goma don reno da wanda bai taɓa tsayawa ba ba za su tashi da fansho ɗaya ba.

A Norway, hukumar ƙididdiga ta yi amfani da manhajar MOSART wajen auna gyaran fanshon da ya fara aiki a 2011, wanda ya ba da damar fara karɓa daga shekara 62, ya kuma ɗaure adadin kuɗin da tsawon ran da ake sa ran tsarar mutum za ta yi. Wasu ƙasashe ma sun gina irin wannan manhaja: Faransa ta gina Destinie, Birtaniya Pensim2, Kanada kuma LifePaths.

Sakamakon ya rataya ne kan zaton da aka sa a farko game da haihuwa, ƙaura da mace-mace, shi ya sa ake maimaita lissafin da zato daban-daban kafin a kai wa majalisa.