Wanda Kotu Ta Ɗaure, Ya Cancanci Muƙala a Wikipedia?

Matasan Katsina da ke rubutu a Wikipedia suna yawan cin karo da wannan matsala. An kama wani, kotu ta ɗaure shi, jaridu sun buga, sai mutum ya zauna ya rubuta masa muƙala. Kwana kaɗan a liƙa mata alamar gogewa. Ran marubucin ya ɓaci, ya ce ai daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura babu wanda bai san mutumin ba. To, sanin gari daban, shaharar da kundin ke nema daban, kuma hukuncin kotu shi kaɗai ba ya buɗe wa kowa ƙofa.

Kowane harshe yana da ikon tsara nasa ƙa'idojin, amma na sashen Turanci ne suka fi fitowa dalla-dalla, su zan bi a nan. Tushensu guda ne: ba a ba mutum shafi sai majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da hannu a maganar, sun yi bayani mai zurfi a kansa. Jarida mai edita, littafi, binciken malaman jami'a. Rubutun Facebook da saƙon WhatsApp ba sa cikin lissafi. Sanarwar 'yan sanda ma ba ta wadatar, domin su ne suka yi kamun.

A kan mai laifi an ƙara tsanantawa. Idan ba a san shi da komai ba sai laifin nan, kuma akwai wata muƙala da za ta iya ɗaukar labarin, can ake kai shi. Hanya biyu ce ke ba shi shafin kansa. Ta farko, wanda aka yi wa laifin ya kasance sananne a ƙasa ko a duniya. Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976, kuma ba a ba da tarihin Najeriya na wannan shekara ba tare da sunansa ba. Ta biyu, dalilin laifin ko yadda aka aikata shi ya fita daban har ya zama abin tarihi. Ma'aunin kuwa shi ne ɗorewa. Yawancin labaran laifi wutar kara ce, mako guda an wuce wurin. Lawrence Anini, ɗan fashin da ya addabi birnin Benin, an harbe shi a 1987, amma har yau ana rubutu a kansa. Haka Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke zuwa Ditroit ranar 25 ga Disamba 2009, aka yi masa ɗaurin rai-da-rai a Amurka a 2012. Ɓarawon babur da kotun majistare ta ɗaure wata shida ba ya kusa da wannan layi, ko da jarida biyar ta buga.

Sau da yawa abin da ya faru shi ne ya cancanci shafi, ba wanda ya aikata ba. Sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 abu ne da duniya ta rubuta, kuma wajibi ne a adana shi: yadda aka shiga makarantar, kwanakin da yaran suka yi a daji, yadda aka sako su. Wannan bai sa kowane ɗan bindigar da aka ambata a lamarin ya cancanci tarihin rayuwa ba. A nan nake goyon bayan ƙa'idar da zuciya ɗaya. Mutanen nan suna son suna, suna ɗaukar bidiyon kansu da makamai don a ji tsoronsu. Bai kamata a ce mu da suka raba danginmu da gonakinsu a Batsari da Jibiya da Faskari, mu ne za mu zauna mu tsara musu shafi mai hoto, alhali waɗanda aka kashe ko sunansu ba a rubuta ba.

Sai batun wanda yake raye, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kamu ba hukunci ba ne, gurfanarwa ma ba hukunci ba ce. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa mara laifi har sai an tabbatar, Wikipedia ma a kan haka take. Idan mutum ba fitaccen jama'a ba ne, ana so a guji rubuta abin da ke nuna ya yi laifi matuƙar kotu ba ta same shi da shi ba. Ko an yanke hukunci, akwai ɗaukaka ƙara. A jiharmu aka yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa a 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi a Satumba 2003. Wanda ya rubuta rabin farko ya bar na biyu ya zalunce ta. Ga kuma iyali: a garin da ake binciken asali kafin a ba da aure, shafi ɗaya zai iya bin 'ya'yan mutum shekaru bayan ya gama zaman gidan yari.

Idan an sa muƙalarka a layin gogewa, a sashen Turanci ana barin muhawara ta kwana bakwai, kuma hujja ake aunawa, ba yawan masu goyon baya ba. Kawo majiyoyin da suka ci gaba da maganar bayan kura ta lafa. In babu su, nemi a haɗe bayanin cikin muƙalar abin da ya faru, a cire sunayen mata da 'ya'ya da unguwar da suke zaune.